'Yan Mata A Gaban Kyamara: Daga Gonar Auduga Zuwa Tatsuniya

Garin Mai Wurno yana bakin kogin Nilu, a kan hanyar Sinnar zuwa Sinja. Waɗanda suka kafa shi jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne, da suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa maza da mata suka zama ƙashin bayan aikin tsinkar auduga. A wannan zamani kyamara ta ci karo da 'yar Bahaushiyar Sudan, kuma tana hannun wani ne.

Mai ɗaukar hoto na zamanin Turawa ba yarinyar yake nema ba, irinta yake nema. A ƙarƙashin hoto sai a rubuta ƙabila ko sana'a, ba a damu da suna ba, balle a tambayi abin da ke ranta. Wannan ɗabi'a ta daɗe a Sudan. Bajamushiya Leni Riefenstahl ta fitar da littafin hotunan mutanen Nuba a 1973, duniya ta yi ta kallon jikinsu, muryarsu kuwa babu ita a ciki. Ga shi mace ce ta ɗauka, amma hakan bai sauya komai ba.

Ko a ƙasar da kakannin mutanen Mai Wurno suka baro, haka abin yake har kwanan nan. Bayan sace ɗalibai 276 a Chibok cikin Afrilun 2014, wasu hotunan da aka fi yaɗawa wajen neman a sako su ba na 'yan Chibok ba ne. Ba'amurkiya Ami Vitale ce ta ɗauke su shekaru kafin haka a ƙasar Gini Bisau. Masu yaɗawa ba su lura ba, domin a wurinsu kowace baƙar yarinya mai damuwa a fuska za ta iya tsayawa a madadin wata.

A nan ne aikin Rahima Gambo ya bambanta. An haife ta a 1986, ta yi karatun aikin jarida a Jami'ar Columbia da ke Amurka, sannan a 2015 ta fara bin ɗaliban arewa maso gabashin Nijeriya da rikicin Boko Haram ya shafa. Ɗaya daga makarantun da ta zauna a ciki ita ce sakandaren Shehu Sanda Kyarimi ta Maiduguri, wadda aka kai wa hari a 2013. Daga 2017 ta bar tambayar 'yan matan labarin ranar harin, ta shiga yin aiki tare da su. Suna wasannin tafa hannu da na dandali cikin kayan makaranta, suna tsara yadda za su tsaya, ita kuma tana ɗauka. Ta kira aikin Tatsuniya. Sunan ya dace, don a gidan Bahaushe tatsuniya fagen mata ne, inda ake faɗin tsoro da buri ba tare da an keta kunya ba. A hotunan za ka ga yarinya ta yi zurfi cikin tunani, wata tana dariya, wata ta kau da kai don haka ta ga dama. A 2020 Rahima tana cikin waɗanda suka ci kyautar CAP ta hoton zamani na Afirka.

Sudan ma ta ga irin wannan sauyi. Ranar 8 ga Afrilun 2019, Lana Haroun ta ɗaga wayarta a Khartum ta ɗauki Alaa Salah, ɗaliba 'yar shekara 22, tsaye a kan mota cikin farin tobi tana jagorantar waƙar masu zanga-zanga. Bayan kwana uku gwamnatin Umar al-Bashir ta faɗi. Wannan karon duniya ta san sunan wadda aka ɗauka da na wadda ta ɗauka, kuma dukansu suna cikin taron ne.

Wasu na jin an ce 'yancin mata sai su tsorata. A fagen hoto kuwa maganar mai sauƙi ce: a nemi izinin yarinya, a san sunanta, a bar ta ta zaɓi fuskar da za ta nuna. Da yaƙi ya ci Sinja a ƙarshen Yunin 2024, hotunan da suka fita na mata ne a kan hanya, da ƙullin kaya a ka, ba suna. Amma da yawa daga cikin 'yan matan nan sun gudu da waya a hannu, cike da hotunan biki, na makaranta, da na ƙawayen da suka rabu da su. Duk wanda zai rubuta tarihin Hausawan bakin Nilu na waɗannan shekaru, ya kamata ya fara roƙon su su nuna masa.