No One Lives Forever: tsakanin na farko da na biyu, wanne ya fi?

Ga waɗanda data ba ta barin su saurare, ga rubutaccen shirin wannan mako kamar yadda aka saba. Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin gem. Kuma tun yanzu ina gargaɗi, zan fasa ƙwai a kan wasu wurare na labarin, kada wani ya zo ya ce ban faɗa ba.

A watan Nuwamba na 2000, wani kamfani mai suna Monolith Productions da ke garin Kirkland a jihar Washington ta Amurka ya fitar da gem ɗin kwamfuta mai suna The Operative: No One Lives Forever, Fox Interactive kuma suka kai shi kasuwa. Irin gem ɗin harbin nan ne da ba ka ganin jikinka a allo, sai hannunka da bindigarka, kamar da idonka kake kallon komai. A lokacin ana cikin zamanin Quake da Half-Life, yawancin irin waɗannan wasanni duhu ne da dodanni da ƙaton soja mai ɗaure fuska. Sai ga wannan ya zo da launuka masu walƙiya, da kiɗan shekarun 1960, da mace a matsayin jaruma.

Sunanta Cate Archer. Da farko ma namiji suka tsara, sai suka lura duk wanda ya gani James Bond yake kira, shi ne suka sauya. Wannan sauyin shi ya ba wa gem ɗin ransa. Cate tsohuwar ɓarauniya ce da ta tuba, wata ƙungiyar leƙen asiri mai suna UNITY ta ɗauke ta aiki a Ingila, amma aka ajiye ta ana ba ta ƙananan ayyuka saboda mace ce. Labarin yana faruwa a 1967, ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka. Sai da wani makashi, Dmitrij Volkov na ƙungiyar H.A.R.M., ya bi jami'an UNITY yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, sannan manya suka tuna da ita. Ba don sun yarda da ita ba, a rashin uwa ne aka yi uwar ɗaki.

To ku riƙe wannan, domin a nan duk maganata ta yau take. Aikinta na farko a Maroko ya lalace, jakadan da aka tura ta karewa ya mutu, maigidanta Bruno Lawrie wanda ya koya mata aiki shi ma aka harbe shi a gabanta. Ta koma ofis, wani babba da ake kira Mr. Smith ya dinga yi mata gori. Gem ɗin yakan ba ka zaɓin amsar da za ta mayar, ko ta haɗiye fushi ko ta mayar da baƙar magana. Saboda haka duk barkwancin da ke ciki a kan wani abu mai nauyi yake zaune: mutum ce da aka raina, take neman a ga ƙwazonta. Duk matashin da ya taɓa zama a taro aka ce masa yaro ne ya yi shiru, zai gane abin da nake nufi.

Barkwancin kuwa ba a cewa komai. Kayan aikinta jambaki ne mai fashewa, turare mai sa barci, ɗan ƙarfen maƙale gashi da ke buɗe kwaɗo, baƙin gilashi mai ɗaukar hoto, da karen inji da ake saki don ya ɗauke hankalin karnukan gadi. Makamin 'yan H.A.R.M. kuma wani sinadari ne da ke mayar da mutum bam, ya yi ta gyatsa sannan ya tarwatse. Amma abin da mutane suka fi tunawa shi ne hirar masu gadi. In ka laɓe ba ka yi harbi ba, sai ka ji biyu daga cikinsu suna muhawara kamar malaman jami'a, wai shin giya ce ke sa mutum aikata laifi, ko kuwa masu laifi ne kawai suke yawan shan giya. Wato gem ɗin harbi ne da yake saka maka da alheri in ka yi haƙuri ka saurara. Ga kuma wurare: Berlin ta Gabas, jirgin ruwa yana nitsewa kana ciki, faɗowa daga jirgin sama ba laima sai ka ƙwato ta wani a iska, har tashar sararin samaniya.

Yana da nasa laifin fa. Akwai matakan da in kyamara ta hango ka, jiniya ta tashi, shi ke nan an gama, sai ka sake daga farko. Fuskokin mutane kamar an sassaƙa su da gatari. Sannan zaman da ake yi a ofis kafin kowane aiki yana da tsawo, ka ajiye hannu kana kallon mutum uku suna magana.

A ƙarshen 2002 na biyu ya fito, No One Lives Forever 2: A Spy in H.A.R.M.'s Way, a wannan karon da hannun kamfanin Sierra. Gaskiya Monolith sun saurari ƙorafi. Sun gina shi a kan sabon injinsu LithTech Jupiter, fuska ta fara motsi kamar ta mutum, ido yana juyawa, ruwa ya zama ruwa. Laɓewa ta gyaru sosai: kana iya leƙe ta kusurwa, ka kashe fitila, ka ɓuya a duhu, ka ɗauke wanda ka kayar ka ɓoye shi. In an gan ka ba a gama ba, kana iya gudu ka ɓace har a haƙura. Suka ƙara maki da kake tarawa in ka tsinci takardun sirri, ka zuba su a ƙwarewar harbi ko sanɗa ko ƙarfin jiki. Muryar Cate ma ta sauya, daga Kit Harris zuwa Jen Taylor, wadda masu buga Halo suka sani da muryar Cortana.

Wajen hauka kuwa na biyu ya wuce na farko. An fara a wani ƙauyen Japan da mata 'yan ninja. Akwai Saiberiya, akwai Antaktika. A garin Akron na jihar Ohio za ka yi faɗan takobi da shugabar ninja, Isako, a cikin gidan tirela da guguwa ta ɗaga sama. A Kalkata ta Indiya, ƙaton nan Magnus Armstrong, wanda abokin gaba ne a na farko, shi ke tuƙa keken yara mai ƙafa uku, Cate na bayansa tana harbi, suna bin wani Bafaranshe sarkin masu wasan bebaye. Ayaba ma makami ce, ka yar a hanya mai bin ka ya sulɓe. Shi kuma shugaban H.A.R.M. da duniya ke tsoro, mahaifiyarsa ce ke kiran sa a waya tana yi masa faɗa.

To in haka ne me ya rage? Ni a ganina abin da ya rage shi ne Cate ɗin kanta. A na biyu ta riga ta zama gwana, kowa ya sallama mata, Bruno ma ashe bai mutu ba, shi ke riƙe da ofis. Ba wanda za ta nuna wa komai. Da suka ji an ce maganganu sun yi yawa, sai suka datse su, suka cire zaɓin amsa, suka cire zaɓen kayan aiki kafin fita. Garin gyaran gira aka taɓa ido. Labarin ya koma na sojojin da aka ƙera a ɗakin bincike da wani tsibiri da ake son Amurka da Tarayyar Sobiyet su gwabza a kansa. Yana da daɗi, amma ba ya tsaya maka a rai. Ƙari a kan haka ya fi na farko gajarta, akan mayar da kai wurin da ka riga ka wuce, kuma a wasu matakan masu gadi ba sa ƙarewa, ka kashe wasu su ɓullo, abin da ke karya gwiwar mai son bi a hankali. Akwai kuma laifin da duk biyun suka yi tarayya a kai: yadda aka zana Larabawan Maroko da Indiyawa, da karin harshe na zolaya, dariya ce ta Bature a kan wanda ba ya wurin.

Hukuncina ke nan: na biyu ya fi daɗin bugawa, na farko ya fi abin faɗa. In hannunka ne zai yi zaɓe, na biyu zai ɗauka. In zuciya ce, tsohuwar zuma da ita ake magani. Abin da ya biyo baya ma ya ƙara nuna haka. A 2003 suka fitar da Contract J.A.C.K., suka cire Cate daga gaba, suka cire sanɗa, suka sa namiji mai harbi kawai. Bai samu karɓuwa ba, daga nan jerin ya tsaya.

Sai dai abin takaicin ba wannan ba ne. Yau in kana son sayen ɗaya daga cikin biyun a Steam ko GOG, babu. A 2003 Vivendi ta sayi Fox Interactive, a 2004 Warner Bros. ta sayi Monolith, a 2008 sashen gem na Vivendi ya haɗe da Activision. Haƙƙin mallaka ya watse tsakanin manyan kamfanoni uku. A 2014 kamfanin Night Dive, masu farfaɗo da tsofaffin wasanni, suka nemi su dawo da shi. Aka ce musu yarjejeniyar a takarda take, sai an tono ta cikin akwatuna, lauyoyi kuma suka nuna za a iya zuwa kotu in an taɓa. A 2015 suka haƙura. Ba a ci ba, ba a bar mai ci ya ci ba. A Fabrairun 2025 kuma Warner Bros. ta rufe Monolith ɗungurungum, kamfanin da ya yi F.E.A.R. da Shadow of Mordor. Waɗanda ke riƙe da wasannin nan biyu da rai yanzu masoya ne da ke gyara su don su yi aiki a sababbin kwamfutoci, da masu tsofaffin faifai a durowa.

Wanda ya taɓa buga su a cikinku, ya faɗa mana wanne ya fi a wurinsa da dalili, za mu karanto a shiri na gaba. Sai mun haɗu, a huta lafiya.