Kundi uku na tafiya ɗaya: Richardson, Overweg da Barth a ƙasar Hausa

A cikin watan Maris na shekara ta 1850, wasu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus bisa aiken gwamnatin Ingila: James Richardson, shugaban ayari, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Kowanensu yana riƙe da kundi. Abin da ya sami kundayen nan shi ya ƙayyade yawan abin da tafiyar ta bar wa tarihin Damagaram da Maraɗi da Agadas.

Bayan sun ƙetare Abzin, sai suka rabu a Damargu cikin watan Janairu na 1851. Richardson ya nufi Damagaram. Sauran biyun suka je Tasawa, daga nan Barth ya yi Katsina da Kano, Overweg kuma ya yi Maraɗi da Gobir.

Richardson ya yi ƴan makonni a birnin Damagaram, zamanin Sarki Ibrahim, yana rubuta abin da ya gani kowace rana: fada, da kasuwa, da hukunci, da cinikin bayi wanda ya fi damunsa. Ya rasu ran 4 ga Maris 1851 a Ngurutuwa, kafin ya kai Kukawa. Amma da yake rubutunsa a tsare yake, an kai shi London, aka buga shi littafi biyu a 1853. Mai shi ya mutu, shaidarsa ta tsira.

Overweg masanin duwatsu ne da taurari. Shi ne Baturen da ya fara shiga Maraɗi da Gobir, a lokacin da sarakunan Katsina da na Gobir da jihadi ya tayar suke fama da Sakkwato. Ya ga abin da abokansa ba su gani ba. Sai dai bai zauna ya feɗe abin da ya ƙyasta cikin gaggawa ba. Zazzaɓi ya kashe shi a bakin tafkin Cadi cikin Satumba 1852, yana da shekara 30. Takardun da ya bari guntaye ne, masu wuyar karatu, har Barth ya yi baƙin cikin haka a littafinsa. Ta haka Maraɗi ta rasa bayanin da Damagaram ta samu.

Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, yana da tsari dabam. Yakan rubuta a kan hanya sunan gari, da tsawon zango, da kalmar da ya ji, sa'an nan in ya sami wurin zama ya sake kwafewa a tsanake, ya aika da wani sashe Turai ta hannun fatake. Amfanin wannan ya bayyana a wuri uku.

Na farko, a Agadas cikin Oktoba 1850, ya tattara kalmomin Emgedeshi, wani reshen Sonrai da mutanen birnin ke yi. Harshen ya mutu daga baya, Hausa ta maye gurbinsa, kuma abin da Barth ya rubuta shi ne babban abin dogaro ga mai son kwatanta shi da Tasawak na Ingal.

Na biyu, a Gwandu cikin 1853, an ara masa Tarihin Sudan na ƴan kwanaki, ya kwafe sassa masu yawa da hannunsa. Ta wannan kwafi masanan Turai suka fara sanin jerin sarakunan Sonrai.

Na uku, kalmomin da ya tara sun zama littafin da aka buga a Gotha tsakanin 1862 da 1866, mai kwatanta harsuna 9, cikinsu har da Hausa, da Barbarci, da Fulatanci.

Wannan ba ya nufin kundin Barth ba shi da aibu. Ya danganta Tarihin Sudan ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman Sa'adi ne ya wallafa shi. Bai kuma nuna karin sauti a kalmomin Hausa ba, ga shi kuwa ma'ana takan rataya a kansa. Amma kuskuren da aka rubuta yana gyaruwa, tun da ana iya gwada shi da wata shaida. Abin da aka bari a ka kuwa, tare da mai shi ake binne shi.

Malaman ƙasar Hausa sun san wannan tun kafin zuwan baƙin nan, shi ya sa kowanensu ke da kundinsa a cikin gafaka. Darasin ga marubuci da mai binciken harshe guda ne: a rubuta a ranar da aka ji, a sa kwanan wata da wuri da sunan mai faɗa, a kuma feɗe rubutun yadda wani zai iya karanta shi in mai shi ba ya nan.