Daga Aljihun Direba Zuwa Na'urar POS

Maƙalarmu ta wannan mako a kan kuɗin da ke tafiya ba tare da mai shi ba ce.

Iyayenmu sun san irin wannan tafiya. Ɗan ci-rani daga Roni ko Gwiwa da ke neman abinci a Legas zai naɗe kuɗinsa a takarda, ya damƙa wa direba ko ɗan garinsu mai komawa gida. Ba wata rubutacciyar doka ce ke tsare kuɗin nan ba, sanayya ce. An san direban, an san ƙofar gidan ubansa. In ya ci amana, ga mai unguwa, ga dagaci, ga alƙali, ga kuma kunyar shiga tashar Kazaure washegari.

Wayar salula ta zo a 2001. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar wakilcin banki, wadda ta buɗe wa masu POS ƙofa. Amma abin da ya tura mu ciki gaba ɗaya shi ne canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai gero a kasuwar Babura, wanda bai taɓa taka banki ba, ya koma karɓar tiransifa dole. Daga nan abokin hulɗarmu ya zama kamfanin da ba mu san fuskarsa ba. In kuɗi ya maƙale, gidan uban wa za mu je?

Gurbin da doka ta zo cikewa ke nan, ko da yake kullum a baya take tafe, sai an ji ciwo take isowa. Babban Banki ya fitar da tsarin kare abokan hulɗa a 2016, ya bi shi da cikakkun ƙa'idoji a Disamban 2019. A Yunin 2020 ya yanka wa'adi: wanda ATM ɗin wani banki ya zare wa kuɗi bai ba shi ba, a mayar masa cikin sa'o'i 48, na POS ko na intanet kuwa, 72. Mai ƙorafi zai fara kai kuka bankinsa, in an yi mako biyu ba a share masa hawaye ba, ya wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Masu ba da rance ta manhajar waya ma, waɗanda ke tura wa dangin mutum saƙon tozarci, sai a 2022 hukumar FCCPC ta dirar musu ta wajabta musu rajista, bayan mutuncin mutane da dama ya riga ya zube.

To, ga inda abin ya shafe mu. Duk takardun nan da Turanci aka rubuta su, Turancin lauyoyi ma. Tsohuwar da aka zare wa kuɗin magani a rumfar POS, aka ce mata “Hajiya, sai haƙuri, matsalar sabis ce”, ba ta san tana da sa'o'i 72 ba. Ba ta san 'yar takardar da na'urar ta tofo shaida ce ba, sai ta yar a nan bakin rumfar. Mun cika littattafai da rikicin kishiyoyi (ba mu ce a daina ba), amma har yanzu muna jiran labarin da jarumarsa za ta sunkuya ta tsinci takardar, ta ƙulle a gefen zani, ta hau motar Kazaure ta nufi banki.