Yadda Meta Ta Shiga Dandalin Da Ba Shi Da Mai Gida

A 2025 kamfanin Meta ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a Najeriya, bayan an tabbatar da tarar dala miliyan 220 da hukumar FCCPC ta ci shi kan wasa da bayanan jama'a da danniyar kasuwa. Dillalin da ke Lajawa, wanda yake ɗora hoton bijimi kafin Juma'a don masu saye su same shi a karar Wudil, shi wannan magana ta fi shafa. In an rufe, ina zai koma da abokan cinikinsa?

Akwai wata hanya, domin tun farko intanet ba ta da mai ita. Imel har yau haka yake: mai Gmail yana aika wa mai Yahoo saƙo ba shamaki. A 2016 Eugen Rochko ya ƙirƙiro dandalin sada zumunta na Mastodon a Jamus bisa wannan tsari, a 2018 kuma aka amince da ƙa'idar ActivityPub, wadda ke haɗa irin waɗannan dandali. Sabobinsa, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shi, kamar unguwanni ne, kowace da mai unguwarta da dokokinta, amma ana zumunci a tsakaninsu. Mu nan ba mu waiwayi Mastodon ba. Ko da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, manhajar Koo ta Indiya aka ruga, ita ma ta rufe a 2024.

Sai Meta ta fito da Threads a Yulin 2023, ta tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, a Maris 2024 kuma ta fara haɗa shi da su Mastodon. Nan rigima ta tashi. Masu ƙananan sabobi da yawa suka toshe Threads. Hujjarsu Google Talk ce, wadda ta rungumi buɗaɗɗiyar ƙa'idar XMPP, jama'a suka taru, ta juya mata baya a 2013. Wasu kuma sirrinsu suke ji: saƙon da ya bazu zuwa sabobi barkatai, wa zai tabbatar an goge shi?

Duka biyun gaskiya ne, amma a ganina babbar matsalarmu ta harshe ce. A 2018 BBC ta bankaɗo yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar kashe-kashe a Filato. Kamfani mai wannan dukiya ya gaza sa ido yadda ya kamata kan abin da ake rubutawa da Hausa. To ina ga ɗan sa-kai guda a Turai, da saƙon tunzuri zai faɗo sabarsa cikin harshen da bai taɓa ji ba? Ba zai gane habaici ba, balle zambo.

Masu cewa tsarin zai kare kansa saboda kowa na iya toshe maƙwabcinsa sun manta cewa sai ka fahimci magana kake sanin ta cancanci toshewa. Kafa saba a Kano ko Zariya, da masu tace saƙo 'yan gida, ba ya buƙatar izinin Meta. Kuɗin haya yake buƙata, da wutar lantarki, da mutanen da za su zauna karanta ƙorafi kullum.