Sake: yadda Japanawa ke yin giyar shinkafa ta gargajiya

Sake abin sha ne mai sa maye da ake yi a ƙasar Japan da shinkafa, ruwa, yis da wata fumfuna da ake kira koji. Ƙarfin barasarsa yakan kai kashi 15 cikin 100. Ana miƙa shi a wuraren bautar addinin Shinto, ana kuma shan sa a bukukuwan aure. A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake gado.

Daga cikin tsofaffin gidajen sake akwai Sudo Honke na jihar Ibaraki, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1141, da Gekkeikan na unguwar Fushimi a birnin Kyoto, da aka kafa a 1637.

Aikin yana farawa da surfe. Ana goge bayan ƙwayar shinkafa, a nau'in daiginjo har rabinta ko fiye, sannan a wanke, a jiƙa, a turara. Tun da shinkafar da aka goge ba ta tsiro irin na dawar burkutu, sai a barbaɗa wa wani kashi nata koji a ɗaki mai ɗumin kusan digiri 30. Cikin kwana biyu fumfunar ta game ƙwayoyin. Ita ke mayar da sitaci sukari, yis kuma ya mayar da sukarin barasa, duka lokaci ɗaya cikin tanki guda. Ana zuba kayan haɗin sau uku cikin kwana huɗu, a bar su kimanin wata ɗaya, kafin a tace a ɗumama don kada ya lalace.

Da sanyin hunturu ake wannan aiki. A da, manoma ne ke barin ƙauyukansu bayan girbi su tafi gidajen sake, kamar ƴan cin rani, ƙarƙashin shugaban aiki mai suna toji, wanda ke gane nunar koji da hannu da hanci.

Yau sana'ar na cikin matsi. Shan sake a Japan yana raguwa tun shekarun 1970, gidaje da yawa sun rufe, tsofaffin toji na ƙarewa. Waɗanda suka rage sun ƙara karkata ga kasuwannin waje, musamman Amurka da Sin.