Bakin yanka: tarihin milimita 1 da ke raba rayuwa da mutuwa a kansar maƙoshi

1/ Bara kawuna a Achilafiya ya daina iya haɗiye tuwo. Ya koma kunu, daga baya ko ruwa sai da ƙyar. Da aka kai shi Kano, likita ya ce kansar bututun abinci ce, kuma "ko an yanka ba za a samu baki mai tsabta ba". Ban gane ba, sai da na koma makaranta na bi tarihin maganar.

2/ Kun san yadda ake gyara kabewar da ta fara ruɓewa: ba iya ruɓaɓɓen wajen ake cirewa ba, sai an haɗa da mai kyau kaɗan. Haka tiyatar kansa take. Gefen naman da wuƙa ta bi shi ne bakin yanka. In an ga ƙwayoyin cutar a wurin, to an bar saura a jiki.

3/ A 1913, a birnin New York na Amurka, Franz Torek ya fara cin nasarar cire kansar bututun abinci ta cikin ƙirji. Matar shekararta 67. Ya haɗa mata robar da ke bi ta waje daga wuya zuwa ciki, da ita take cin abinci. Ta ƙara fiye da shekara 10 a duniya.

4/ A 1946 Ivor Lewis a Birtaniya ya fito da salon buɗe ciki da ƙirjin dama, a jawo tumbi sama a ɗinke. Har yau ana yi. Amma cutar ta riƙa dawo wa mutane da yawa. Me ya sa?

5/ Wannan kansar tana rarrafe ta ƙarƙashin fatar cikin bututun, nesa da ƙarin da ido ke gani. Ga shi kuma bututun yana manne da hanyar iska da babbar jijiyar jini, babu filin da likita zai faɗaɗa yanka.

6/ Shi ya sa aka ware sakamako uku. R0: baki tsaf. R1: akwai saura, sai da madubin likita ake gani. R2: saura a fili. Masu R0 sun fi daɗewa nesa ba kusa ba. A Birtaniya ma, in cutar ta matso cikin milimita 1 da gefe, R1 suke ƙirgawa.

7/ A 2012 aka fitar da binciken CROSS na ƙasar Holan. Waɗanda aka yi wa kimo da gashi kafin tiyata, kashi 92 cikin 100 suka samu R0. Masu tiyata kaɗai, kashi 69. Tsakatsakin rayuwarsu kuwa wata 49 ne da wata 24.

8/ Ka ga ashe tsabtar baki tun daga gida take farawa. Kawu wata shida muna cewa gyambon ciki ne, muna jiƙa masa sassaƙe, ƙarin yana ta kama maƙwabtansa. Allah ya jiƙansa.

9/ Don Allah, in babba a gidanku ya ce abinci na tsaya masa a ƙirji, yana kuma ramewa, kar a jira ya koma kunu. A je asibiti a nemi gwajin da ake zura kyamara. In kuma an yi tiyata, ku tambayi likita: an samu R0?