Zumuncin da Ya Wanke Kyaftin McVay

A ƙarshen watan Yulin 1960 wasu magidanta fiye da 200 suka hallara a wani otal a birnin Indianapolis da ke jihar Indiana ta Amurka. Yawancinsu rabonsu da juna shekara 15 ke nan, kuma ganin ƙarshen da suka yi wa juna ba mai daɗin tunawa ba ne: wasu a tsakiyar teku, fuska duk baƙin mai, wasu a gadon asibiti. Su ne sojojin ruwan da suka tsira daga jirgin yaƙin nan mai suna USS Indianapolis, wanda aka raɗa wa sunan birnin.

Aikin ƙarshe da jirgin ya yi na sirri ne. Ya tashi daga San Francisco ranar 16 ga Yuli, 1945, ɗauke da wasu kaya da matuƙansa ba su san ko mene ne ba, ya sauke su a tsibirin Tinian bayan kwana 10. Sassan bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ne. Daga nan ya biya ta Guam, ya nufi Leyte a ƙasar Filifin shi kaɗai, babu jirgin rakiya. Jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar 30 ga Yuli, wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-58 ya harba masa makamai, biyu suka same shi. Cikin minti 12 ruwa ya haɗiye shi.

Mutum 1,195 ne a ciki. Kimanin 300 suka tafi tare da jirgin, sauran kusan 900 suka faɗa ruwa, akasarinsu da rigar ceto kawai. Abin takaicin shi ne babu wanda ya fita nemansu, domin a Leyte ba a ɗauki rashin isowar jirgin a bakin komai ba. Rana ta gasa su, dare ya daskarar da su, ƙishirwa ta sa wasu suka sha ruwan gishiri hankalinsu ya gushe, kifayen shak kuwa suna ta ɗauki ɗai-ɗai. Sai ranar 2 ga Agusta wani matuƙin jirgin sama mai sintiri, Wilbur Gwinn, ya hango su, shi ma ba su ya fito nema ba. Mutum 316 aka tsamo da rai.

Rundunar sojan ruwa ta nemi wanda za ta ɗora wa jakar tsaba, ta kuwa samu. A watan Disamban 1945 aka gurfanar da kyaftin ɗin jirgin, Charles McVay, a gaban kotun soja, abin da ba a saba yi wa wanda abokan gaba suka nutsar wa jirgi ba. Laifin da aka kama shi da shi wai bai yi tafiyar karkace-karkace ba, irin wadda jirage ke yi don wahalar da mai saiti. Har daga Japan aka ɗauko Mochitsura Hashimoto, kwamandan da ya harbi jirgin, ya ba da shaida, ya ce ko da an yi karkacen zai same shi. Kotu ba ta saurara ba. Ba a kuma tsaya kan cewa McVay ya nemi rakiya an hana shi ba, ko cewa akwai bayanan sirri kan jiragen Japan a wannan hanya da ba a sanar da shi ba. Daga baya an ɗage masa hukuncin, amma laifin ya zauna daram a fayil ɗinsa.

Waɗanda suka tsira suka watse, kowa ya kama garinsa ya ja bakinsa ya yi shiru. Da yawa ko matansu ba su ba labari ba. Littafin da ɗan jarida Richard Newcomb ya wallafa a kan lamarin a 1958 ne ya fama musu gyambon, sai ɗaya daga cikinsu, Giles McCoy, ya shiga neman adireshin 'yan'uwa yana tura wasiƙu. Taron 1960 daga nan ya samo asali, da shi da ƙungiyar waɗanda suka tsira.

McVay ya zo wannan taro da ɗari-ɗari. Shekara da shekaru yana samun wasiƙun zagi daga iyalan mamata, bai san irin tarbar da za a yi masa ba. Sai ya tarar da mutanensa sun jeru suna sara masa. A wurinsu, su da suka kwana huɗu a ruwa, kyaftin ba shi da laifi. Wannan tarba ba ta isa ta sauke masa nauyin ba. A watan Nuwamban 1968 ya kashe kansa a gidansa da ke Litchfield a jihar Connecticut, yana da shekara 70.

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suna da yawa a Amurka, kusan kowane babban jirgi da tasa, kuma galibi harkarsu ba ta wuce liyafa, hotuna da tuna baya ba. Ta mutanen Indianapolis ma tana yin waɗannan, amma tana da ƙulli a zuci. Kowane taro ya zama wurin haɗa shaida: wanda ya ga wannan ya faɗa, wanda ya ga wancan ya cike. Da farko shekara biyar-biyar ake haɗuwa. Da tsufa ya kawo jiki, mutuwa ta fara yi musu ɗauki ɗai-ɗai a karo na biyu, sai aka rage tazarar, har ta koma kowace shekara. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Nasu har da keken guragu da sanda aka riƙa zuwa. Sannu a hankali iyalan waɗanda suka mutu a teku suka fara halarta, suna bin tsofaffin nan da hoton ɗan'uwa ko na uba, ko akwai wanda ya san yadda ya cika. Matuƙan da suka cece su ma aka jawo su ciki. Da faɗi-tashin ƙungiyar aka gina dutsen tunawa a bakin magudanar ruwan birnin Indianapolis, aka buɗe shi ranar 2 ga Agusta, 1995, da sunayen mutanen jirgin a jikinsa.

Wanke kyaftin kuwa ya ƙi samuwa, sai da wani yaro ɗan makaranta ya shigo zancen. Hunter Scott, daga Pensacola a jihar Florida, ya ji labarin jirgin ne a fim ɗin Jaws, ya ɗauke shi a matsayin aikin gasar tarihi. Da babu ƙungiya, da yaron bai san inda zai dosa ba. Ta hanyarta ya samu tsofaffin, ya tura musu tambayoyi, suka amsa, wasu suka haɗa masa da takardun da suka daɗe suna ɓoyo. Labarin yaro ɗan shekara 12 da ke neman gyara hukuncin rundunar soja ya ja hankalin 'yan jarida fiye da duk wasiƙun da dattawan suka rubuta cikin shekaru 30, abin da ba zai rasa yi musu ciwo ba ko da sun ji daɗinsa. A 1999 ya zauna tare da su a gaban kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawa.

Wata wasiƙa ta zo wa shugaban kwamitin, Sanata John Warner, daga inda ba a zata ba. Hashimoto ne, wanda a lokacin ya tsufa ya zama limamin addinin Shinto, yake roƙon a wanke mutumin da ya nutsar wa jirgi. Tun a 1990 ya sadu da wasu daga cikin waɗanda suka tsira a Pearl Harbor, har da McCoy, suka yi addu'a tare. A watan Oktoban 2000 majalisa ta zartar da ƙudurin wanke McVay, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Hashimoto bai ga wannan rana ba, ya rasu 'yan kwanaki kafin nan. A 2001 aka shigar da ƙudurin a fayil ɗin kyaftin. Daga baya jikar Hashimoto ta riƙa zuwa taron da 'ya'yanta, aka kuma karɓe su.

A watan Agustan 2017 tawagar attajirin nan Paul Allen ta gano gawar jirgin a zurfin kusan mita 5,500 a tekun Filifin. A 2020 Majalisar Dokokin Amurka ta ba mutanen jirgin lambarta ta zinare, amma annobar korona ta sa aka yi bikin ta intanet, tsofaffin da suka rage suna kallo daga gidajensu. Shirya taron ya riga ya koma hannun 'ya'ya da jikoki, waɗanda suka kafa tasu ƙungiyar don riƙe tarihin. Da Cleatus Lebow ya rasu a 2022, mutum ɗaya tak ya rage cikin 316 ɗin nan, wato Harold Bray na jihar California, wanda yake ɗan shekara 18 a daren da jirgin ya nutse.